Asid, baz da gishiri: yadda ɗalibi zai gane su da zoɓo da kanwa kafin ya je allo

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da murhu ana miyar sure ya ga wannan darasi tun bai shiga lakwal ba. Miya ta yi tsami har tana kashe haƙori, sai inna ta jiƙa ƴar kanwa a ludayi ta tsiyaya a ciki. Tukunya ta taso da kumfa, ta lafa, a ɗanɗana a ji tsamin ya kwanta. Abin da ya faru cikin tukunyar nan shi nake rubuta wa ƴan ajin ƙarshe na kolej a allo kowace shekara, masu shirin jarrabawar BEPC, kuma da yawansu haddace shi suke da Faransanci ba su san cewa a gidansu ake yin sa kullum ba. Abin yana damuna ƙwarai. Yaro ya kawo maka ma'anar asid ba tuntuɓe, amma ka ajiye masa tsamiya da toka ka ce wanne ne wanne, sai ya sunkuyar da kai.

Don haka ƙannena, bari mu juya tsarin. Ku fara gani da idonku, ku auna da hannunku, daga baya mu sa wa abin suna mu rubuta shi yadda jarrabawa ke so.

Kayan da za ku tara, da waɗanda ba za ku taɓa ba

Zagaye ɗaya a babbar kasuwa ya isa: busasshen zoɓo mai duhun ja, kanwa, tsamiya, lemun tsami, nono, binegar, bikarbonat irin na masu gato, gishiri, sukari, guntun sabulu, alam na tace ruwa, da ɓawon ƙwai. Toka tana murhu. Ku nemi ƙananan kofunan shayi na gilashi kamar guda goma sha ɗaya, da sabuwar sirinji ta mililita 10 daga farmasi, a cire allurar a ba babba ya zubar. Kaye da bik su kasance kusa, don gwajin da ba a rubuta ba ya ɓace.

Abu uku kuma ku bar su inda suke: ruwan batirin mota, ruwan jabel, da sodar da masu sabulu ke saye. Ruwan batir asid sulfirik ne, yana huda tufa yana ƙona fata. Soda ta fi shi yaudara, domin idan ta narke kamar ruwan sha take, ba launi ba wari, kuma tana cinye maƙogwaron yaron da ya kurɓa. Ina roƙon iyayenmu mata masu sana'ar sabulu, kada a zuba ta a robar ruwa ko ta lemo, ko na minti ɗaya. In tsautsayi ya faɗa yaro ya sha, ba a sa shi amai, ba a ba shi lemun tsami da sunan kashe ta, asibiti ake nufa nan take. In a fata ko ido ta zuba, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15 kafin a tafi. Jabel kuwa ba a haɗa shi da wani abu mai tsami, don yana sakin iskar kulor mai ƙona huhu. Sannan ku ɗauki ƙa'idar labo tun daga gida: da zarar abu ya shiga kofin gwaji, ya haramta ga harshe.

Mataki na farko: haɗa manuni

Manuni shi ne ruwan da ke sauya launi ya tona asirin abin da aka zuba masa. A zuba cikin tafin hannu ɗaya na zoɓo a kofin ruwan zafi, a bar shi minti 10, a tace. Ba sukari, ba citta, ba kanumfari. Sai a ƙara masa ruwa har ya yi haske, yadda in ka ɗaga kofin kana hango yatsanka ta baya. Mai kauri yana ɓoye sauyin launi.

Ga wata dabara da ɗalibai ke tsallakewa, daga baya su ce gwaji ya ƙi. Shi kansa zoɓo mai tsami ne, shi ya sa yake ja tun farko. In ka zuba masa lemun tsami a haka, ja ne zai ƙara ja, ba za ka ga wani abin kirki ba. Sai ka jiƙa kanwa ka tace, ka riƙa ɗiga ruwanta cikin zoɓon, ɗigo ɗaya ka motsa, ɗigo ɗaya ka motsa, har jan ya dushe ya koma shunayya mai duhu. Tsaya nan. Yanzu manuninka yana tsakiya, ko wane ɓangare aka ja shi zai nuna.

Kada ku raina wannan don na gida ne. Wajen 1664 wani masani a Ingila, Robert Boyle, da ruwan furanni ya riƙa bambance waɗannan abubuwa, kuma sinadarin da ke ba zoɓo launi dangin wanda ke cikin furannin nan ne. Mai gangamau a gida shi ma yana da manuni na biyu: ruwan ɗorawa ne cikin tsami, ja mai duhu cikin kanwa ko sabulu. Shi ya sa tabon miya mai gangamau ke yin ja in an goga masa sabulu.

Mataki na biyu: gwaji da rubutu

A jera kofuna, kowanne a zuba masa mililita 10 na manuni. Kofi ɗaya a ajiye shi gefe ba a sa masa komai, shi ne shaida, da shi za a riƙa kwatanta sauran. Sai a bi ɗaya bayan ɗaya: lemun tsami, jiƙon tsamiya, binegar, ruwan nono da aka tace, ruwan gishiri, ruwan sukari, bikarbonat, ruwan sabulu, ruwan toka tatacce, ruwan kanwa. A ɗauraye sirinji tsakanin kowane biyu.

Za ku ga sun rabu gida uku. Masu tsami sun mayar da manuni ja mai haske. Bikarbonat ya ƙara masa duhu, toka da kanwa sun kai shi kore mai duhu. Gishiri da sukari sun bar shi kusan yadda yake. Gidan farko su ne asid, na biyu baz, na uku ƴan ba-ruwanmu, waɗanda ba su karkata ko'ina ba. Ku zana layi uku a kaye, ku rubuta sunan abu, launin da ya bayar, da gidan da ya faɗa. In launin ya saɓa wa abin da na faɗa, ku rubuta abin da kuka gani, sannan ku nemi dalili. Sau da yawa kofi ne ba a ɗauraye ba, ko kanwar ta yi yawa tun wajen haɗa manuni.

Mataki na uku: me ke ciki?

Yanzu ne lokacin suna. Tsamin lemu daga asid sitirik yake, na tsamiya daga asid tartarik, na nono daga asid laktik wanda ƙwayoyin halitta ke samarwa in madara ta kwana, na binegar daga asid asetik. Cikin tumbinmu ma akwai asid kuloridirik, HCl, mai taya narka abinci. Sunaye daban, amma aikinsu ɗaya: in suka shiga ruwa suna sakin wani ɗan mitsitsin abu mai cajin lantarki, iyon H⁺, wanda a lise za ku riƙa rubutawa H₃O⁺ saboda ba ya zama shi kaɗai, yana manne da ƙwayar ruwa. Baz kuma tana ƙara yawan iyon OH⁻ a ruwa. Soda, NaOH, da potas, KOH, su ne manyan misalai. Wannan bayani na Svante Arrhenius ne, ɗan ƙasar Suwidin, daga aikin da ya gabatar a 1884. A 1923 Brønsted da Lowry, kowa a ƙasarsa, suka faɗaɗa shi: asid mai bayar da H⁺ ne, baz mai karɓa. Ku riƙe wannan na biyu da kyau, shi zai warware mana maganar kanwa nan gaba.

Baz ɗin da ke narkewa a ruwa Turawa na ce mata alkali, kalmar kuma daga Larabci suka aro ta, ma'anarta tokar tsirrai. Ba ta da dangantaka da alƙalin kotu. Ina son wannan kalma don tana tuna mana cewa daga toka aka fara. Ruwan toka ne masu sabulun salo ke dafawa da mai, shi marina ke zuba wa baba a karofi don ya kama zane, da shi majema ke jiƙa fatar jar akuyar Maradi gashi ya saki kafin a kai ta ga bagaruwa. Santsin da kake ji a yatsa in ka taɓa ruwan toka mai ƙarfi, maiƙon fatarka ne ya fara zama sabulu, don haka kada ka daɗe a ciki.

Awo da lamba: pH

Launi yana gaya maka gida, amma bai gaya maka nisa ba. Don haka a 1909 Sørensen, wani masani a birnin Kopenhagen na Danmak, ya fito da ma'aunin pH. A makaranta muna amfani da shi daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 asid, sama da 7 baz, 7 tsakiya. Lemun tsami yana wajen 2, binegar kusa da 3, nono tsakanin 4 da 5, bikarbonat ɗan sama da 8, ruwan kanwa mai kauri wajen 10 zuwa 11, ruwan soda mai kauri 13 zuwa 14. Jinin mutum mai lafiya yana tsakanin 7,35 da 7,45, kuma jiki ba ya yarda ya kauce daga wannan ɗan tsukin.

Kuskure biyu nake gyarawa kowace shekara. Na farko, ɗalibi ya ɗauka babbar lamba ita ce asid mai yawa. A'a, yadda lamba ke sauka haka tsami ke hawa. Na biyu ya fi zurfi: tazarar lamba ɗaya ninki goma ce. Ruwa mai pH 3 ya fi mai pH 4 yawan H⁺ sau 10, ya fi mai pH 5 sau 100. Daga nan ne tambayar sirkawa ke fitowa a jarrabawa. In ka ɗauki mililita 1 na HCl mai pH 2 ka cika shi da ruwa zuwa mililita 10, zai koma 3. Ka sake, ya koma 4. Amma ko tulu nawa ka ƙara, kusantar 7 zai yi ta yi, ba zai haye ya zama baz ba, tunda ruwa ba ya kawo abin da ba shi da shi. Baz ma haka, saukowa take zuwa 7.

Wannan 7 ɗin a zafin digiri 25 aka ƙayyade shi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi ke wuce 40, tsakiyar tana saukowa wajen 6,8. A jarrabawa ku rubuta 7, amma ku san dalili.

Kada kuma ku haɗa ƙarfi da kauri. Asid mai ƙarfi, irin HCl, yana sakin duk H⁺ ɗinsa a ruwa. Mai rauni, irin na binegar, kaɗan yake saki ya riƙe saura. Kauri kuwa maganar yawan abin da aka narka ne cikin lita ɗaya. Ana iya samun mai ƙarfi da aka sirka sosai, a kuma samu mai rauni da ya yi kauri. In za a sirka mai kauri a labo, asid ake tsiyayawa cikin ruwa sannu a hankali. In aka juya, aka zuba ruwa kan asid, zafi na tashi nan take ya fantsamo a fuska.

Mataki na huɗu: kashe tsami, da lissafinsa

Mu koma tukunyar inna, amma da sirinji. A zuba mililita 5 na lemun tsami a kofi babba, a sa manuni. A riƙa ƙara ruwan kanwa mililita ɗaya-ɗaya, ana motsawa, ana jira kumfa ta kwanta, ana ƙirgawa. Inda ja ya ɓace shunayya ta tsaya, a rubuta adadin. A maimaita da binegar, sannan da jiƙon tsamiya, da ruwan kanwa ɗaya ba a canza ba. Wanda ya fi shan kanwa shi ya fi ɗauke da asid. Abin da kuka yi yanzu shi ake yi a labo da dogon bututun gilashi mai famfo, bambancin kawai can an san kaurin baz ɗin daidai.

Abin da ke faruwa a ciki gajere ne: H⁺ + OH⁻ → H₂O. Biyun sun haɗu sun zama ruwa, kuma kofin yakan yi ɗumi in masu ƙarfi ne. Sauran iyon da suka rage su ne gishiri: HCl + NaOH → NaCl + H₂O. Ku duba nauyi, giram 36,5 na asid da giram 40 na soda sun ba da giram 58,5 na gishiri da 18 na ruwa. Hagu 76,5, dama 76,5, ba abin da ya salwanta. Abubuwa biyu masu ƙuna sun haifi gishirin miya, amma kada wani ya ce zai ɗanɗana na labo.

Lissafin da ake tambaya: a daidai wurin da suka kashe juna, Ca × Va = Cb × Vb, inda C ke nufin kauri, V yawan ruwan da aka auna, a na asid, b na baz. Misali, mililita 10 na HCl da ba a san kaurinsa ba ya sha mililita 15 na soda mai kaurin 0,1 mol a lita (mol shi ne ma'aunin yawan sinadari). Ca = 0,1 × 15 ÷ 10 = 0,15 mol a lita. Ku kula, wannan tsari na asid mai sakin H⁺ ɗaya ne. Asid sulfirik, H₂SO₄, biyu yake saki, don haka sodar da zai sha ninki biyu ce.

Kumfar fa? Soda da HCl ba sa kumfa. Kanwa ce ke yi, saboda karbonat ce, kuma duk karbonat da ya gamu da asid yana sakin iskar CO₂. Ku daka ɓawon ƙwai ku zuba masa binegar ku gani, karbonat na kalsiyom ne, CaCO₃, dangin dutsen da ake haƙa a Malbaza don siminti. Allin aji wani lokaci ba ya kumfa, don wani da sulfat na kalsiyom ake yin sa, kada hakan ya ruɗe ku.

Mataki na biyar: gishiri ba na miya kaɗai ba ne

A ilimin sinadarai, gishiri suna ne na dangi guda: duk abin da aka gina da iyon mai caji na ƙari daga baz da iyon mai caji na ragi daga asid. Sunansa daga iyayensa yake. HCl na haifar da kulorir, H₂SO₄ sulfat, HNO₃ nitirat, asid asetik asetat. Wajen rubuta alamarsa, caji ne ake daidaitawa har jimla ta zama sifiri: Na⁺ ɗaya da Cl⁻ ɗaya, NaCl, Ca²⁺ ɗaya yana bukatar Cl⁻ biyu, CaCl₂, SO₄²⁻ ɗaya yana bukatar Na⁺ biyu, Na₂SO₄. Wanda ya iya wannan daidaitawa ya huta da haddar rabin babin.

Ƙasarmu kuwa ƙasar gishiri ce. Kantun da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da Fashi, gishirin Tigidda, na Foga, kanwar ƙasar Manga, duk hanya ɗaya ce: ruwa ya narkar, rana ko wuta ta busar, gishiri ya zauna. Ku gwada da kanku. A narka kanwa mai ƙasa-ƙasa, a tace da tsumma mai tsabta, a zuba a faranti a shanya. Bayan kwana ɗaya ko biyu za ku tarar da farin gari, ƙasar ta tsaya a tsumma.

To ga tambayar da nake so kowane ɗalibi ya tsaya a kanta. Kanwa cakuɗe ce ta karbonat da bikarbonat na sodiyom, Na₂CO₃ da NaHCO₃, wato gishiri ce. Me ya sa ta mayar da zoɓo kore kamar baz, alhali gishirin miya bai taɓa shi ba? Amsar tana wajen iyaye. Gishirin miya ɗan asid mai ƙarfi ne da baz mai ƙarfi, sun yi kunnen doki, ruwansa ya tsaya a 7. Kanwa kuwa ƴar baz mai ƙarfi ce da asid mai rauni. Iyon karbonat ɗinta yana fizge H⁺ daga ruwa ya bar OH⁻ a baya, kuma mun ce mai karɓar H⁺ baz ne. Shi ya sa take tausasa wake, take kashe tsamin miya, take kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci. A kan wannan na ƙarshe ina jan kunne: sodiyom ne cike da ita, mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu kada ya mayar da ita magani, ƙwannafin da ya ƙi tafiya na likita ne.

Yanzu ku ɗauko alam ɗin da na sa ku saya, ku narka ku zuba a manuni. Gishiri ne shi ma, amma ɓangaren tsami yake ja. Takin sulfat na amoniyom haka yake, kuma yawan zuba shi shekara da shekaru a jigawa yana ƙara wa ƙasa tsami. Ɗan manomi da ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa masu binciken noma na INRAN a Tarna ke auna pH na ƙasa, da dalilin da ya sa toka ke taimakon gonar da ta yi tsami.

Gwaji ɗaya ya rage, don ku yarda cewa iyon ba tatsuniya ba ce. A haɗa pil na bolt 4,5 da ƙaramin ƙwan tocila irin LED da waya biyu, a tsoma bakin wayoyin cikin kofi ba tare da sun taɓa juna ba. Ruwan gishiri zai kunna ƙwan sosai, ruwan sukari da ƙyar ko ba komai, domin sukari yana narkewa ba tare da ya rabu zuwa iyon ba. Da pil kawai ake wannan, wutar gida kisa take.

Abin da sai a labo

Akwai abubuwan da zoɓo ba zai koya muku ba, sai malam ya nuna ko ku riƙe daga littafi. Ga manunai uku na labo: BBT ruwan ɗorawa ne a asid, kore a tsakiya, shuɗi a baz. Fenolftaleyin ba launi a asid, ruwan hoda a baz. Eliyantin ja ne a asid mai tsanani, ruwan ɗorawa in pH ya wuce 4,4. HCl yana cin ƙarfe da zinki da alminiyom ya saki iskar H₂, wadda ke yin ƙara in an kusanto da ashana: Fe + 2H⁺ → Fe²⁺ + H₂. Jan ƙarfe kuwa bai kula shi. Wajen gano iyon, nitirat na azurfa yana ba da farin gudaji mai baƙi a rana in akwai Cl⁻, kulorir na bariyom farin gudaji in akwai SO₄²⁻, soda kuma shuɗi ga Cu²⁺ na jan ƙarfe, kore ga Fe²⁺ na ƙarfe, launin tsatsa ga Fe³⁺. In makarantarku ba ta da kayan, ku haɗu ku roƙi malam ya nemo muku ko da takardar pH, ƙunshi ɗaya yana isar aji guda in an yanka ta ƙanana. Jami'ar garin nan na Maradi sunan Dan Dicko Dankoulodo take ɗauke da shi, ɗan Maradi ne kuma wannan fanni ya karanta, ina so in ga wasunku sun shiga labonta.

Aikin wannan mako: ku samo tokar karan gero, tokar itace da tokar ɓawon gujiya. Kowace a auna cokali biyu a jiƙa cikin rabin kofin ruwa, a bar ta ta kwana, a tace. A ɗauki mililita 10 na kowace a sa manuni, a riƙa ɗiga binegar ana ƙirgawa har launi ya koma ja. Ku yi sau uku-uku, ku rubuta lambobin duka har da waɗanda ba su yi muku daɗi ba, sannan ku kai wa wata mai sabulun salo a unguwarku ku tambaye ta wace toka ta fi so, ku ga ko amsarta ta yi daidai da ta kayenku.